Wa ke riƙe da makullin sabis ɗin Mafara?

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe tashoshinsu a faɗin Jihar Zamfara na mako biyu. Kwana biyu kafin nan 'yan bindiga sun sace ɗalibai 73 a sakandaren Kaya da ke Maradun, mahaifar Gwamna Bello Matawalle, wanda shi ya nemi a ɗauki matakin. Mako biyun ya zama watanni. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, mutanen Talata Mafara da Bakura kuwa suka yi ta jira har ƙarshen Nuwamba.

An sha muhawara kan ko rufewar ta yi amfani. Tambayar da ta fi damuna ita ce ta yadda ake kashe wayar jiha guda. Ba sai an bi hasumiya ɗaya bayan ɗaya ana cire waya ba. Na'urar da ke gindin kowace hasumiya kwamfuta ce mai karɓar umarni daga cibiyar sarrafawa mai nisa, kuma wanda ke da cikakken iko a kanta zai iya rufe ta yana zaune a ofis. A can cikin uwar cibiyar ma akwai na'urorin da suka san hasumiyar da kowace waya ke maƙale da ita. A yankin da ake fargabar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, wannan sani ne da zai iya jawo asarar rai.

Umarnin 2021 dai ya zo a rubuce, da sa hannun hukuma, ana iya tuhumar wanda ya bayar. Abin tsoro shi ne umarnin da babu wanda zai iya cewa ga wanda ya buga shi.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin maganin. Kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, a kuma iyakance masa abin da zai iya yi. Na'urorin Cisco, alal misali, suna da matakan iko daga 0 zuwa 15, kuma tsarin da ake kira TACACS+ yana iya tantance kowane umarni kafin na'ura ta aiwatar, ya kuma rubuta wanda ya buga shi da lokacin. Mai gyaran da aka turo Bakura ya duba ƙarfin sigina ba shi da dalilin riƙe ikon goge saiti. Sai dai gaggawa da lalaci kan sa a raba kalmar sirri guda ga mutum goma, kuma wanda ya bar aiki ya tafi da ita a kansa. Hannaye kuwa suna da yawa: hasumiyoyi da dama na kamfanoni irin su IHS ne, na'urorin na Huawei ko Ericsson, gyaran kuma na 'yan kwangila.

Ƙasar Girka ta ɗanɗana kuɗarta. Tsakanin 2004 da 2005 wasu sun cusa manhaja a na'urorin Ericsson na kamfanin Vodafone, suka saurari wayoyi kusan 100, har da ta Firaminista Kostas Karamanlis. Bincike ya yi wuya domin wasu bayanan shiga sun salwanta, aka ci tarar kamfanin Yuro miliyan 76.

A 2024 Shugaba Tinubu ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya. Madalla, amma galibin zancen ya tsaya kan ɓarayin batir da masu yanke kebul, wato ɓarnar da ido ke gani. Ya kamata NCC ta tilasta wa kowane kamfani adana rajistar umarnin da aka buga a na'urorinsa, a wurin da ma'aikatansa ba za su iya gogewa ba, ta kuma riƙa aiko masu bincike suna duba ta. 'Yan majalisar da ke wakiltar Mafara da Bakura da Maradun a Abuja suna da hurumin kiran hukumar su tambaye ta ko tana yin hakan.