WAI YARON NE BA SHI DA LAFIYA, KO FATIN?

A unguwar Kongo da ke Tudun Wadan Zariya akwai wani yaro ɗan shekara 17 da ya gama rubuta jarrabawar WAEC. 'Yan ajinsu sun kafa kwamitin shirya fatin gama makaranta, suka naɗa shi ma'aji, don kowa ya san ko sisi ba za ta yi ciwon kai a hannunsa ba. Tun ranar da aka miƙa masa littafin karo-karo barci ya ƙaurace masa. Shi mutum ne da ko a aji malami ya ce ya miƙe ya yi karatu, sai muryarsa ta sarƙe, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi. Ga shi an ce za a kama zauren taro, a ɗauko mai kiɗa, a yi anko, a kira kowa da sunansa ya fito fili ya taka, ana ɗauka a waya ana watsawa a TikTok.

Da ya ce zai riƙe kuɗin amma ba zai je ba, sai aka yi masa ca. Wani ya ce, "Malam, wannan ai ƙauyanci ne." Wani ya ce a nema masa rubutu ya sha. Har yayansa a gida ya ce masa, "Kai kuwa yaushe za ka waye?"

To, ga tambaya. Wa ya kamata a bincika, yaron da ya ji nauyin taron ko taron kansa?

Da farko, murnar me ake yi? Ana gama WAEC a watan Yuni, sakamako kuwa sai wajen Agusta. Wato a ci, a sha, a cashe, alhali ba wanda ya san ko ya ci Turanci da lissafi. Manomin da ya yi bikin girbi tun gero bai fid da kai ba, me za a kira shi? Sannan kuɗin daga ina? Shi ma'ajin ya fi kowa sani, don a gabansa ake ƙirgawa. Ya ga wanda uwarsa ta taɓa jarin ƙosanta, ya ga wanda ya yi wa babansa ƙaryar kuɗin karɓar takardar shaida. Iyayen nan ba su gama farfaɗowa daga kuɗin rajistar WAEC da NECO da JAMB ba. Duk wanda bai biya ba kuwa, sai a riƙa kiran sunansa a gaban 'yan mata.

Kongo ba baƙuwar boko ba ce. Tun 1947 Turawan mulkin mallaka suka buɗe makarantar koyon aikin akawu a nan, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yaran unguwa sun tashi suna ganin ɗaliban jami'a ranar gama jarrabawa, da fararen riguna, ana zane juna da maka. Sai 'yan sakandare suka kwafa, suka ƙara gishiri: namiji ya yi wa mace rubutu a jikin riga a bakin titi, a hau babura ana gudun ganganci. Yanzu har 'yan nazare ana ɗinka wa doguwar riga da hula mai tunku, yaron da bai iya ɗaure wandonsa ba wai ya yi "saukar karatu"! Abin ya kai har hukumomin da suka saba kau da kai sun gaji. A 2025 gwamnatin Sakkwato ta hana bikin rubuce-rubucen riga a makarantun sakandare, ta Imo kuma ta hana fatin yaye 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare.

Ba wanda ya ce murna haramun ce. Garin nan ya san walimar saukar Alƙur'ani tun kafin Bature ya san hanyar Zazzau. Amma a can sai an sauke ake walima, ɗalibi ya karanta allonsa a gaban malamai, a yi addu'a, abincin kuma ya isa ga maƙwabci da almajiri. Ba a sa wa talaka haraji don ya samu shiga.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda aka juya wa yaron halinsa ya zama aibi. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (S) ya tarar da wani mutumin Madina yana yi wa ɗan'uwansa faɗa kan yawan kunya, sai ya umarce shi ya ƙyale shi, ya kuma lissafa kunya cikin imani. I, akwai tsoron jama'ar da ke hana mutum neman haƙƙinsa ko tambayar abin da bai sani ba, kuma wannan yaro yana da buƙatar a taimake shi a kai, a hankali, a cikin mutum uku ko huɗu. Amma tura shi tsakiyar fili ana ihu ana haska shi da waya ba magani ba ne. Su ma 'yan'uwa matasa masu zafin wa'azi su kiyaye, kada su ɗauke shi su mai da shi tuta, su ce sai ya miƙe ya yi wa 'yan ajinsu huɗuba. Wannan ma wani filin ne ake tura shi.

Ana saura kwana uku fati ya tara 'yan kwamiti a ƙofar gidansu. Ya ƙirga kuɗin a gabansu, ya miƙa littafin, bai ɗaga kai ba. Da ya shiga gida ya ce, "Umma, in sakamako ya fito da kyau, a yi mini waina kwano ɗaya a kai wa malamin allonmu, ya ishe ni." A cikin 'yan kwamitin mutum biyu sun dawo da daddare suna tambaya ko za a iya mayar musu da nasu kuɗin.