Kafin Ka Ɗora Hoton Jaririn a Facebook, Ka Fara Maganar Fasfonsa

Duk lokacin da wani namu da ke Landan ko Jidda ko Toronto ya samu ƙaruwa, cikin awa ɗaya hoton ɗan ƙafar jaririn ya zagaye WhatsApp da Facebook. Addu'o'i su yi ta sauka, wasu kuma su fara tsokana: "Kai, an haifo mana Bature!" To ɗan'uwa, idan kai ne angon ƙarnin, ko yayarka ce mai jegon, tsaya mu yi magana. Jaririn nan ɗan wace ƙasa ne, kuma wace takarda ce ta ce haka?

Da yawanmu mun ɗauka duk inda aka haifi yaro, nan ce ƙasarsa. A Kanada haka ne, a Amurka ma an daɗe a kan haka. Amma a Birtaniya tun 1 ga Janairun 1983 aka daina. Idan babu ɗaya daga cikin iyayen da yake ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, haihuwa a asibitin Landan ba ta mayar da yaro ɗan Birtaniya. Ita kuwa Saudiyya, ko a Makka aka yanke wa yaro cibiya, haihuwar kaɗai ba ta ba shi zama ɗan ƙasa. Ka ga ke nan ɗalibin da ke digiri na biyu a Ingila da mai aiki a Riyad matsalarsu ɗaya ce: ƙasar da ɗansu yake da ita a hannu ita ce wadda suka baro.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 25, ya ce wanda aka haifa a wajen ƙasar, matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan Najeriya ne tun haihuwa. A lura, ɗaya daga cikin iyaye aka ce. 'Yar'uwa, ko mijinki ɗan wata ƙasa ne, ɗanki yana da wannan haƙƙin ta wajenki. Kuma wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa, doka ta yarda ya riƙe fasfon wata ƙasar ya haɗa da namu. Sai dai haƙƙin da ke cikin kundi ba ya wuce da kai a filin jirgi. Jami'in da ke bakin ƙofa takarda yake son gani.

Aikin yana farawa ne daga rajistar haihuwa a ƙasar da ake zaune. A Ingila kwana 42 aka bayar, a Sikotlan kwana 21, wato akwai sararin a yi suna ran bakwai sannan a je a rubuta. A nan ne fa al'adarmu take jawo rikici. Yarinya sunan yankanta Hauwa'u, amma saboda kara ana kiranta Walida, sai uban ya rubuta wannan a asibiti, ya rubuta wancan a fom. Ko kuma Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a wajen lambar NIN. Kwamfuta ba ta san alkunya ba. Ku zauna ku biyun ku tsayar da suna ɗaya da rubutu ɗaya, ku bi shi a kowace takarda.

Daga nan sai lambar NIN, domin yanzu ba a yin fasfon Najeriya sai da ita, har jarirai, kuma akwai cibiyoyin da hukumar NIMC ta ba lasisin yin rajista a ƙasashen waje. Sannan a cike fom a shafin Hukumar Shige da Fice, a biya kuɗi ta intanet, a zaɓi rana. Za a nemi takardar haihuwa, da kwafin fasfon iyaye, da wasiƙar amincewarsu. Ranar da aka bayar sai an kai yaron ofishin jakadanci an ɗauki hotonsa. Tsarin sabunta fasfo ta waya da aka fara a Kanada a 2024 na manya ne masu sabuntawa, bai shafi fasfon farko ba. Na yara shekara 5 yake yi.

Na san abin da wani zai rubuto min a ƙasan wannan rubutu: "Koren fasfon nan ina yake kai mutum?" Gaskiya ne ƙofofin da yake buɗewa ba tare da biza ba kaɗan ne. Gaskiya ne kuma ɗaukar jariri daga Glasgow zuwa Landan don hoto ɗaya wahala ce, kuma ya kamata gwamnati ta ƙara wuraren ɗaukar bayanai a garuruwan da mutanenmu suka fi yawa. Amma ka yi tunanin daren da za a kira ka a ce Hajiya tana asibiti a Kano, tana son ganin jikanta. Yaron da ba shi da fasfo ba ya hawa jirgi. Akwai takardar tafiyar gaggawa da ofishin jakadanci ke bayarwa, sai dai ta zuwa gida ce kawai, ba ta dawo da kowa. Ko yaron da ya samu fasfon Kanada, in ba shi da namu, sai ya nemi biza kafin ya shiga ƙasar kakanninsa, kamar kowane baƙo.

Wanda yake ganin wasa ne, ya tambayi labarin 'ya'yan 'yan takari da aka haifa a Saudiyya babu rajista. Sun girma a can, makaranta da asibiti suna yi musu wuya, in kame ya rutsa da su a kawo su ƙasar da ba su taɓa gani ba, ba su da ko takardar da za ta nuna su 'yan ina ne. Sakacin watannin farko ne ya bi su har girma.

Don haka in an tashi lissafin rago da kayan barka da mai ɗaukar hoto, a ware kuɗin takardun tun kafin haihuwa. Uba da uwa su duba nasu fasfon bai mutu ba. Kai kuma da kake nan gida kana tura addu'a a ƙasan hoto, bayan ka ce Allah ya raya, ƙara da tambaya ɗaya: an yi masa rajistar haihuwa kuwa?