Gidan Haya a Yamai: Kuɗin Wata na Mai Gida, Gobara ta Ɗan Haya

Duk wanda ya taɓa neman wurin zama a birnin Yamai ya san irin gidan da ake nufi: fili guda mai ƙofa ɗaya, da jerin ɗakuna shida ko goma sun jingina da katanga, wani ciki ɗaya, wani ciki da falo, makewayi kuwa na kowa da kowa ne. Irinsu sun cika Bukoki da Talaje da Yantala da Banifandu, har zuwa ƙetaren kogi a Harobanda. A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su wuce kimanin 400.000 ba, a ta 2012 kuwa sun haura miliyan 1, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ƙaru, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da ɗalibai da ƴan ci-rani, a irin waɗannan ɗakuna suke kwana. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, wutar lantarki da gas sun shiga gidajen nan da sauri fiye da yadda masu su suka shirya musu.

A fara da lantarki. An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, a 1976 kuma aka ja layin da ke kawo wutar Kainji ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Alhakin kamfanin yana tsayawa ne a kan kontar, wato ma'aunin wutar da ke bakin gida. Abin da ke bayansa, daga waya har makunni, na mai gida ne. Akwai ofishin SIEIN da aka ɗora wa duba wayoyin cikin gida kafin a haɗa musu wuta, kuma wannan tsari ne mai kyau. Sai dai ana duba gida ne ranar da yake sabo, yana da ɗakuna uku da ƙwayayen fitila biyar. Bayan shekara biyu mai gida ya sami ɗan kuɗi ya ƙara ɗaki biyu, bayan biyar ya buɗe shago a jikin katanga, kowane kuwa sai a kira wani yaro mai filaya ya ja masa waya daga ɗakin maƙwabci, ya murɗa ta, ya naɗe da leda. Gidan da aka duba daban, gidan da mutane ke kwana ciki daban.

Lissafin abin ba shi da wuya. Siririyar waya mai kaurin milimita 1,5, wadda aka yi don fitilu, ba a so ta ɗauki fiye da ampiya 16, wato kimanin wat 3.500 a wutar volt 220. Dutsen guga shi kaɗai yana cin wat 1.000 ko fiye, ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti don dafa ruwan wanka lokacin ɗari yana kaiwa 1.500 zuwa 2.000. Ashe ke nan idan ɗakuna biyu ko uku suka tashi shirin aiki da asuba ɗaya, waya ta riga ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Ba ta kamawa nan take. Tana yin zafi ne a ɓoye cikin silin, robarta ta bushe ta tsage, wata da watanni, har ranar da za ta haɗu da katako ko tabarmar rufi. Na'urar da ke katse wuta idan kaya ya yi yawa, wadda masu sana'a ke kira dijontar, an sa ta ne don ta hana wannan. Amma da ta fara damun mutane da yawan katsewa, sai a sami mai dabarar da zai tsallake ta da guntun waya, a ce an gyara.

Raba kuɗin wuta ma yana da nasa hannu a ciki. Inda kontar ɗaya ce ga gida duka, akan raba kuɗi bisa yawan ƙwayaye da fanka da firigon kowane ɗaki, saboda haka kowa yana ɓoye abin da yake jonawa, babu wanda ya san ainihin nauyin da wayar gidan ke ɗauke da shi, har shi mai gidan. Ga kuma rashin wayar ƙasa, wadda ke zubar da wutar da ta ɓalle: da damina, idan bangon laka ya sha ruwa, ƙofar ƙarfe ko famfon tsakar gida kan ja mutum. Manya su yi dariya su ce gidan nan yana da cizo. Yaron da ya fito daga wanka ba takalmi, shi ba lallai ne ya sake ba.

Gas kuwa baƙo ne na baya-bayan nan a gidan talaka. Sai da aka buɗe matatar SORAZ a Damagaram a watan Nuwamba na 2011, farashin cika butali mai kilo 6 ya sauko zuwa sefa 1.800, wato jika biyu ba dala 40, sannan ya zama abin kowa. Wannan alheri ne babba ga dazuzzukan da Yamai ta daɗe tana cinyewa da sunan itacen girki, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma baya. To amma murhun itace a tsakar gida yake zama, shi kuwa butali, saboda tsoron ɓarawo da rashin madafa, cikin ɗakin kwana yake kwana. Yawancin gidajen hayan nan an gina su ba tare da ko rumfar girki ba, domin a idon mai gida duk taku huɗu na fili ɗaki ne da zai kawo kuɗi.

Gas ɗin butali ya fi iska nauyi kusan ninki biyu. Idan robar bakin butali ta lalace ko tiyo ya tsage, ba ya tashi sama ya fita ta taga. Kwanciya yake a ƙasa, daidai inda aka shimfiɗa wa yara tabarma. Kashi 2 cikin 100 kawai na iskar ɗaki ya isa ya kama. Ba ya kuma bukatar ashana: ɗan tartsatsin da ke fita daga lalataccen makunni, ko wutar da ta dawo tsakar dare bayan an ɗauke ta alhali fanka na kunne, ya wadatar. A nan ne laifuffukan biyu ke haɗuwa, ruɓaɓɓiyar waya da ɗakin da ba mafitar iska. Taga ɗaya ce, an kuma dasa mata ƙarafa. Ƙofa ɗaya ce, butalin kuwa a bakinta yake.

Ba a ce ɗan haya ba shi da nasa laifi ba. Akwai mai gwada yoyon gas da ashana maimakon ruwan sabulu, akwai mai amfani da tiyo shekara da shekaru bai taɓa duba ranar ƙarewar da aka buga a jikinsa ba. Wannan aikin faɗakarwa ne, rediyo da masu sayar da gas za su iya shi. Amma ɗan haya ba shi da ikon fasa bango ya sake waya, ko ya buɗe taga, ko ya gina madafa. In ya kai kuka sai a ce masa, in gidan bai yi maka ba ga hanya, domin akwai mutum goma a bayan dillali suna jira da kuɗin wata uku a hannu. Wanda ya gyara da aljihunsa kuma, sau da yawa ladansa ƙarin kuɗin haya ne.

Doka ba ta yi shiru ba. Kundin dokokin zaman jama'a, a sashe na 1719 da na 1720, ya wajabta wa mai ba da haya ya miƙa gida cikin kyakkyawan hali, ya kuma ci gaba da yin gyare-gyaren da suka wuce ƙananan da ke kan ɗan haya. A 1996 ma an fitar da dokar haya ta musamman. Matsalar ita ce yawancin haya a Yamai da baki ake ƙulla ta, kuma wanda ke fafutukar kuɗin wata ba zai kai mai gidansa gaban alƙali a kan makunnin fitila ba. Haƙƙin da sai mai rauni ya yi ƙara kafin ya same shi, a takarda yake tsayawa.

Abin da ya dace shi ne a ɗaura binciken a wuyan mai gida, a lokacin da yake neman ɗan haya. A Faransa, daga 2018, duk mai ba da hayar gidan da wayoyinsa ko bututun gas ɗinsa suka wuce shekara 15 dole ne ya miƙa wa ɗan haya takardar binciken gwani, wadda ke aiki shekara 6. Yamai ba ta bukatar kwafar tsarin dukansa. Ya isa ma'aikatar magajin gari, tare da masu unguwanni da suka san kowace ƙofa, ta nemi duk gidan da ya kai ɗakunan haya huɗu ya nuna shaidar an sake duba wayoyinsa bayan kowane ƙarin gini, yana da wayar ƙasa, yana da na'urar miliampiya 30 mai katse wuta kafin ta kashe mutum, yana kuma da rumfar girki a waje mai wurin kulle butali. Za a ce masu gidaje da yawa tsofaffin ma'aikata ne da zawarawa da ke ci daga hayar, kuma gaskiya ne. Sai a ba su wa'adi, a bar su su yi aikin ɗaki-ɗaki. Na'urar dai ba ta kai kuɗin ƙofar ƙarfen da kowannensu ya riga ya sa a bakin gida ba.

Gobarar Babbar Kasuwa ta 1982 da ta Ƙaramar Kasuwa ta 2012 kowa na tuna su da shekararsu, domin dukiyar manya ce ta ƙone. Ta ɗaki ɗaya a lungun Talaje kuwa, maƙwabta ne ke kashe ta da bokiti da yashi kafin motar ƴan kwana-kwana, da aka kira ta lamba 18, ta sami hanyar shiga. Bayan mako biyu an shafe bangon da farar ƙasa, dillali ya kawo wani sabon ɗan haya, wayar kuwa ita ce dai ta da.