DUNIYA MAKARANTA: Daren Da Mushtari Ba Ya Faɗuwa

A wannan mako za mu leƙa can ƙuryar arewacin duniya, zuwa wani gari mai suna Longyearbyen da ke tsibiran Svalbard, ƙarƙashin mulkin ƙasar Norwe. A garin nan, idan rana ta faɗi a ƙarshen watan Oktoba, ba ta sake hudowa sai tsakiyar Fabrairu. Dalili kuwa shi ne duniya a karkace take juyawa, da kimanin digiri 23 da rabi, saboda haka a lokacin hunturu ƙuryar arewa takan juya wa rana baya.

Mai karatu zai zaci cewa a irin wannan dogon dare babu tauraron da zai ɓuya. Ashe ba haka abin yake ba. Duniyoyin da ke kewaya rana, irin su Zara da Mirrihi da Mushtari, duk kusan hanya guda suke bi da rana a sararin sama. Wadda ta raɓi rana takan ɓace tare da ita, wadda kuwa ke ɗaya gefen, daura da rana, sai ta hau sama ta ƙi sauka.

Ga misali. A watan Disamba na 2024, lokacin da Zara matar wata ke ƙyalli a yammacinmu bayan magariba, mutanen Longyearbyen ko sau ɗaya ba su gan ta ba, domin ta yi kudu da yawa. Amma Mushtari, wanda ya yi daura da rana ranar 7 ga watan, bai faɗi ba sam. Sai dai ya yi ta kewaya sama dare da abin da agogo ke kira rana, Kaza da 'Ya'yanta na gaba yana biye. Haka Mirrihi mai ja ya yi a Janairun 2025.

Yadda ake gane su ba wuya: tauraro yakan yi ƙyafta-ƙyafta, su kuwa haskensu a tsaye yake. Da ƙaramin madubin hangen nesa ma ana iya ganin watanni huɗu na Mushtari da Galileo ya gano a 1610.

Sai dai kallon nan ba a banza yake samuwa ba. Mai son fita bayan gari don guje wa hasken lantarki sai ya jure sanyi mai tsanani, ya kuma tanadi abin kare kansa daga farar dabbar nan ta ƙanƙara mai cin mutane.

To, mu da ke da dare a kowace rana, ba ƙanƙara ba dabba, yaushe rabonmu da ɗaga kai? Kakanninmu da taurari suke gane shigowar damina. Idan muka bari wannan sani ya bi su kabari, laifin ba na rana ba ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.