Daji ba ya tsira sai da masu shi

Har gobe, tukunyar mafi yawan gidajen Nijar da icce take dahuwa, ƙauye da birni baki ɗaya. Yamai, Maraɗi da Damagaram kullum ƙara cika suke, kuma kowace safiya motoci da amalanke ke shigo musu da iccen girki daga daji. Don haka maganar hana sara kwata-kwata ba ta ma taso ba. Abin tambaya shi ne: wa ke da iko da dajin, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga?

Ƙasar nan ta riga ta gwada hanyoyi biyu. A da, doka ta mai da itatuwa mallakar gwamnati. Manomi na iya sare reshen gawo a gonarsa ta gado, ma'aikatan gandun daji su ci shi tara. To wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka riƙa tumɓuke duk tsiron da ya fito. Daga shekarar 1983 ne aka fara sassabin zamani a jihar Maraɗi, tare da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya: a bar tohon kututturen sabara, kalgo ko aduwa, a zaɓi masu ƙarfi, a sassabe sauran. Da manoma suka ga iccen nasu ne, sai aikin ya bazu har ya kai kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, kwamitin tsaron itatuwan ya haɗa har da mata da makiyaya.

Haka ma a dazuzzuka. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin icce na karkara. Ƙauye kan kafa ƙungiya, a raba dajinsa kashi-kashi ana sara bi da bi, a ƙayyade abin da za a sara a shekara, ɗan kasuwa kuma ya saya a hannun ƙungiyar. Inda aka tsara dajin sosai, rabin harajin a ƙauyen yake zama, kashi 40 cikin 100 na ƙaramar hukuma, 10 na baitulmali. Dajin Baban Rafi, a gundumar Madarunfa, yana cikin waɗanda aka yi wa wannan tsari.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: da yawa daga cikin kasuwannin sun yi sanyi bayan da ayyukan tallafi suka tattara nasu ya nasu. Wani wuri mutum biyu ko uku sun mai da ƙungiyar tamkar gonarsu. Wani wurin ana sara fiye da ƙa'ida, ana loda mota a bayan fage, gonaki na cin gefen daji. Da zarar talaka ya daina ganin amfanin tsarin, ai shi ke nan, sai ya ɗauki gatarinsa kafin wani ya riga shi.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Akwai dokar dazuzzuka ta 2004, akwai kuma ƙudurin 2020 da ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itatuwan da ya rena a gonarsa. A karanta su a gidajen rediyon karkara da Hausa, Zabarmanci da Fulatanci, domin wanda bai san haƙƙinsa ba, cutarsa ba wuya. Kowace ƙungiya ta riƙa bayyana lissafinta a dandali, gaban kowa, a kuma sabunta shugabanninta kan lokaci. A ba mata da makiyaya kujera ta gaske, tun da su ne ke cikin daji dare da rana. Shugabannin ƙananan hukumomi kuwa su tuna, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: kasonsu na haraji ya koma wajen shata iyakar daji da raya inda ya mutu.

Mu ma mazauna birni da namu. Murhun zamani da gaz suna rage yawan iccen da ake ƙonawa, kuma duk ɗaurin da aka rage sauƙi ne ga dajin. Ranar 3 ga Agusta mun saba fita dashen itatuwa. Bana, kowace hukuma ta fara gaya mana nawa suka rayu cikin na bara, kuma a hannun wa aka damƙa su.