Mai duka a wasan intanet: Yawan ɓarna ba shi ne gwaninta ba

A wasan World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, mutum biyar ne ke shiga kogon dodanni tare. Ɗaya garkuwa ne, shi ke janye hankalin dodanni su yi ta dukansa. Ɗaya mai warkarwa ne. Sauran ukun kuma masu duka ne, waɗanda 'yan wasa ke kira DPS. A Final Fantasy XIV mutum huɗu ne, biyu daga ciki masu duka.

Masu zaɓar wannan matsayi sun fi yawa, shi ya sa suka fi daɗewa a layi kafin a haɗa musu tawaga. Da yawansu na ganin babu nauyi a kansu, nasu kawai su yi ta sara. In tawaga ta mutu, sai a ɗora laifi kan mai warkarwa.

Wannan kuskure ne, kuma manhajojin da ke ƙidaya ɓarnar kowa sun ƙara rura shi. Wanda ya zuba ido kan lambarsa yakan tsaya cikin wuta don kada ya rasa sara ɗaya. Yakan afka wa dodo kafin garkuwa ya riƙe shi, sai dodon ya juyo kansa. Yakan manta da katse sihirin da dodo ke haɗawa, alhali maɓalli ɗaya ne zai ceci kowa.

Gaskiya ne akwai manyan dodannin da in ba a kashe su cikin lokaci ba sai su hallaka tawaga, don haka ƙarfin duka na da muhimmanci. Amma gawa ba ta duka. A tsarin Mythic+ da aka shigo da shi a 2016, ana tsere da agogo, kuma kowace mutuwa na cin lokacin tawagar baki ɗaya. Ganganci na mutum ɗaya sai ya jawo wa huɗu asarar rabin sa'a, da datar da suka saya.

Mai duka na ƙwarai shi ne wanda ya san dodon da za a fara kashewa, ya kauce wa hari, ya katse sihiri, ya kuma rage wa mai warkarwa aiki. Irinsa ake sake gayyata gobe, ko da sunansa bai zo na ɗaya a allon ƙidaya ba.