Sai ta zama ƴar Alhaji kafin a aure ta?

Daren jiya a fada muka ƙare wani fim mai dogon zango, mu shida a kan waya ɗaya, shayi na uku yana bisa wuta. Ko ba ku kalle shi ba kun san labarin, don yana cikin littattafan soyayya, yana cikin fassarar Indiya, yana cikin waɗanda ake turowa a WhatsApp. Yarinya ƴar aiki a gidan masu kuɗi, ɗan gidan ya kamu da sonta, Hajiya ta ce sai dai bayan ranta. Ana ta kuka kashi bayan kashi. Can sai ga wata tsohuwa da zobe, ko ta gane wani tabo a kafaɗa, ashe yarinyar ɗiyar wani attajiri ce da ta ɓace tun tana jaririya, ita ce magajiyar dukiyar duka. Hajiya ta durƙusa neman gafara, aka ɗaura aure.

Abokaina suka yi tafi. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai da na hau kabu-kabu zan koma gida abin ya fara ci mini rai.

To me ya canza a jikin yarinyar nan? Haƙurinta, hankalinta, tarbiyyarta, duk suna nan tun ranar da take wanke-wanke ana zaginta. Sunan ubanta kaɗai aka canza. Ke nan Hajiya ce ta ci nasara. Dokarta ta cewa ɗana ba zai auri ƴar talaka ba tana nan daram, kuskure kawai ta yi wajen gane wadda take gabanta. Gobe in wata ƴar aikin ta zo, ƴar talaka ta gaskiya wadda ba ta da zobe, kora za ta sha, kuma fim ɗin bai ce an zalunce ta ba.

Nan gida kuwa maganar ta wuce kuɗi. Wa bai san "a je a binciko asali" ba? Ina da aboki a Maraɗi, ya yi karatunsa, yana da aikinsa, ya shekara biyu yana neman wata yarinya. An kai gaisuwa, an karɓa. Sai wata gwaggo ta tono cewa kakansa mahauci ne. Aka maido kaya, ba wanda ya faɗi dalili a fili, wai "Allah bai yi ba". Maƙera, wanzamai da maroƙa sun san wannan amsar. Wanda aka ce kakanninsa bayi ne, shi ko ƙofar gidan ba ya kaiwa. Muna cin naman mahauci, muna noma da hauyar maƙeri, wanzami ne ke yi wa jariranmu askin suna, amma ranar aure sai mu tuna da jini.

In kuna son labarin mace da aure da asali wanda ya faru da gaske, ga na Hadijatou Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240 a yankin Ƙonni ta zama wahaya. A 2003 ƙasarmu ta yi dokar da ta mai da bauta babban laifi, a 2005 ubangidan ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ita matarsa ce, ba inda za ta. Da ta auri wanda ranta ke so, ita aka yanke wa wata 6 na kaso, wai ta yi aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun CEDEAO, kuma ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce Nijar ta kasa kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. Ba tsohuwar da ta zo da zobe. A matsayinta na ɗiyar baiwa ta tsaya gaban alƙalai, a haka ta ci shari'a.

Ban ce a bar kallo ba, ni kaina gobe ina fada. Amma da yawa daga cikinku masu rubutu ne, ina ganin labaranku a Facebook. Ku rubuta mana wanda yarinyar za ta kai shafin ƙarshe tana ɗiyar mahauci, ubanta ya zo ɗaurin aure daga mahauta, a ba shi tabarma kusa da liman. Ku nuna mana yadda yaron zai fuskanci uwarsa ba tare da rashin kunya ba, don nan ne yawancinmu muke tsorata mu janye.

Abokin nan nawa yana cikin mu shidan daren jiya. Lokacin da ake tafi, shi yana ta juya shayi tsakanin kofuna biyu, bai ɗago kai ba.